Murhu Mai Duwatsu Uku: Gwamnati, Jami'a da Mahaƙa

Tukunya ba ta zama bisa dutse ɗaya ko biyu, sai uku. Haka yake ga sha'anin haƙar ma'adinai: gwamnati ke da doka da kuɗi, jami'a ke da ilmi, mahaƙa kuwa su ke cikin rami. In ɗaya ya zame, abin da aka ɗora ya kife.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan sana'a. Tun 1919 aka kafa Hukumar Binciken Ƙasa, an kuwa shekara da shekaru ana haƙar kuza a Jos da kwal a Inugu. Yau akwai sassan koyar da ilmin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Jos, ga kuma Cibiyar Binciken Ƙarafa a Jos. Amma fa galibin abin da malamai da ɗalibai suka gano yakan ƙare ne a kan kanta, ƙura ta rufe shi, bai isa bakin rami ba.

Abin da ya auku a Zamfara cikin 2010 ya isa ishara. Mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum sun riƙa kai dutsen zinariya cikin gidajensu suna niƙawa, ba su san yana ɗauke da dalma ba. Ƙurar ta bi ƙasa da abinci, yara fiye da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara gano masifar, bayan an riga an cika makabartu. Alhali awon dutse ɗaya a ɗakin gwaji zai nuna dalmar, niƙa da ruwa kuma a wajen gari zai rage ƙurar ƙwarai. Ilmin yana nan, mai kai shi ne babu. Cikin 2015 irin wannan ta sake faruwa a Shikira ta Jihar Neja.

A dubi Afirka ta Kudu. Cikin 1934 gwamnatin ƙasar ta haɗa kai da Jami'ar Witwatersrand ta Johannesburg, suka buɗe ɗakin binciken ma'adinai, wanda daga bisani ya zama hukumar Mintek. Kamfanoni ke kawo matsalarsu, masana su warware, a gwada a ma'aikata. Ta haka ƙasar ta gwanance wajen tace zinariya da sauran ƙarafa.

To, me ya kamata a yi? Da farko, duk kamfanin da aka ba lasisi a ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007 a ɗora masa sharaɗin ɗaukar nauyin bincike a jami'ar da ke kusa da shi, ya kuma karɓi ɗalibai aikin koyo. Na biyu, gwamnati ta buɗe taswirori da sakamakon awonta ga malamai ba tare da jan rai ba. Na uku, jami'o'i su sauko wurin ƙananan mahaƙa, su auna musu dutse a farashi mai sauƙi, su yi musu bayani cikin harshen da suke ji.

Yanzu da ake rububin dutsen litiyam a Nasarawa da wasu jihohi, lokacin gyara ya yi. Rigakafi ya fi magani, kuma ran yaro ɗaya ya fi buhun zinariya. Allah ya sa masu iko su ji.