Babur Mai Ƙafa Huɗu Ya Cinye Ziyarar Aburi

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan yawon buɗe ido na wuni guda da kamfanoni ke shiryawa daga Akra zuwa tsaunukan Akuapem a ƙasar Gana. Tallar kusan iri ɗaya ce ko'ina: a ɗauke ka da safe, a haɗa ka da ɗan jagora, ka hau babur mai ƙafa huɗu cikin karkara, ka ga lambun Aburi, ka yi wanka a magangarar ruwa, a dawo da kai kafin magariba. Matasanmu na Nima da Mamobi da Madina sun fara yin karo-karo suna zuwa, musamman a hutun Sallah, kuma ina murna da haka. Kukana yana kan yadda ake raba wunin.

Na bi irin wannan tafiya da 'ya'yan ƙanena. Tun daga mota ba a zancen komai sai babur. Aka shafe hantsi ana jiran layi, ana ɗaukar hoto, ana tayar da ƙura. Da muka isa lambun rana ta riga ta take, ɗan jagora yana ta duba agogo yana cewa mu yi sauri, ruwa na jiranmu.

To, Malam Edita, lambun Aburi ba wurin da ake ratsawa a guje ba ne. An buɗe shi a 1890, a filin da Turawan mulki suka gina gidan shan iska na ma'aikatansu a 1875 saboda sanyin tudun. Faɗinsa ya haura hekta 60. Wanda aka fara ɗora wa kula da shi, William Crowther, daga lambun Kew na Ingila aka turo shi. Da shigarka dogayen itatuwa dangin kwakwa ne jere dama da hagu, can ciki kuma ga wani tsohon rimi da ya rage daga kurmin da ke wurin tun kafin a yi lambun. Akwai sashen kayan ƙamshi, inda za a murza maka ganye ko ɓawo ka shinshina, ka gane kirfar da ke cikin shayinka daga jikin bishiya take. Yaran da na je da su sun fi ɗokin wani mataccen jirgi mai saukar ungulu da ke yashe a kan ciyawa, ban kuma hana su ba. Amma abin da ya kamata ɗan jagora ya tsaya ya faɗa musu shi ne rawar da lambun ya taka wajen raba irin koko da koya wa manoma renonsa. Gaba kaɗan, a Mampong, gonar Tetteh Quarshie take, mutumin da ya dawo da irin koko daga tsibirin Fernando Po ya shuka a 1879. Amfanin gonar da ya riƙe tattalin arzikin Gana shekara da shekaru nan ya kafu. Motarmu ko tsayawa ba ta yi ba.

Shi kansa babur ɗin ban ƙi shi ba, akwai daɗi. Sai dai hanyoyin da ake bi na manoma ne, tsakanin gonakin rogo da abarba da agade. Na ga wata dattijuwa da kaya a ka ta faɗa cikin ciyawa don ta ba mu hanya, babu wanda ya ce mata sannu. Hular kwano ba ta ishi kowa ba. Yaron da bai taɓa riƙe kan babur ba an nuna masa totur da birki a tsaitsaye, aka ce ya bi na gaba. Wannan inji yana da nauyi, kuma a gangare ko kwana yana iya kifewa a kan mahayinsa.

Sai maganar ruwa. Magangarar Boti da ke kusa da Koforidua, mai rassa biyu da mutanen wurin ke kira namiji da mace, tana cika ne da damina, wajen Yuni zuwa Agusta. Da rani takan ragu ƙwarai, wani lokaci har ta ƙafe. Duk da haka hoton damina ake nuna wa mai saye a watan Janairu. Mutum ya sauka matakala wajen 250 ya tarar da dutse yana ɗigo, wannan ai sayar da biri a sama ne. Da damina kuwa hatsarin daban ne. Ba mu manta da Maris na 2017 ba, lokacin da iska ta kayar da bishiya a magangarar Kintampo ta hallaka mutane da dama, yawancinsu ɗaliban sakandare daga Wenchi. Ɗan jagoran kirki shi ne wanda zai ga hadari ya haɗu ya fito da kowa daga ruwa, ko da masu biya za su yi gunaguni.

Ina kira ga hukumar yawon buɗe ido ta Gana da ta gindaya wa masu wannan sana'a sharaɗi: hular kwano ga kowane mahayi, mafi ƙarancin shekarun tuƙi, iyakar gudu a kusa da ƙauyuka, da faɗin gaskiyar yanayin ruwa kafin a karɓi kuɗi. Iyaye da shugabannin matasa na zango kuma, kafin ku biya ku tambayi awa nawa aka ware wa lambun. In amsar ba ta gamsar da ku ba, akwai motocin haya daga tashar Madina zuwa Aburi kullum.

Naka,
Mai karatu daga Nima, Akra