Kariyar Topoloji Tana Da Sharaɗi

Ba a cika ɗaukar dogon lokaci ba sai an ji sanarwar cewa an kusa ƙera kwamfutar kwantam wadda ba ta kuskure, wai don "topoloji" yana kare ta. Kalmar ta zama tamkar laya a bakin masu talla. Kariyar gaskiya ce, amma tana da sharaɗin da ba a faye ambata ba, wato yadda ƙwayoyin lantarki da ake kira elektron suke hulɗa da junansu.

Topoloji reshe ne na lissafi da ke nazarin siffofin da ba sa sauyawa idan an lanƙwasa abu ba tare da an yaga shi ba. Maginin tukwane zai iya mayar da curin yumɓu kasko, amma ba zai mayar da shi awarwaro ba sai ya huda shi. Yawan huda kuwa cikakkiyar lamba ce, babu rabi. A 1980, a Grenoble ta ƙasar Faransa, Klaus von Klitzing ya gano irin wannan lamba a cikin lantarki: idan aka tsare elektron a siririyar shimfiɗa, cikin tsananin sanyi da ƙarfin maganaɗisu, turjiyar da ake aunawa a gefe tana tsayawa mataki-mataki, a kan om 25,812.8 da aka raba da 1, 2, 3, komai dattin da ke jikin abin. A 1982 David Thouless da abokan aikinsa suka nuna cewa lambar ta topoloji ce. A 1988 Duncan Haldane ya nuna haka na iya faruwa a raga mai siffar saƙar zuma ko babu maganaɗisu daga waje.

Sai dai waɗannan lissafe-lissafe sun ɗauka kowane elektron yana tafiyarsa kamar babu ɗan'uwansa a duniya. Alhali kuwa ture juna suke yi, kuma turin yana iya haifar da abu uku.

Na farko, rushewa. Idan turin ya yi ƙarfi, kowane elektron zai maƙale a gurbinsa don gudun haɗa gurbi da wani, kamar titin da ya cushe har babu motar da ke motsi. Ayarin Tilman Esslinger na jami'ar ETH da ke Zurich, wanda ya gina ragar Haldane a 2014 da ƙwayoyin zarra masu sanyi a cikin ragar hasken leza, ya nuna a 2023 cewa "famfon Thouless", mai tura ƙwayoyi bisa ƙayyadadden adadi, yana daina aiki idan turin ya wuce iyaka.

Na biyu, raguwa. A 2010 Lukasz Fidkowski da Alexei Kitaev suka duba wani nau'in sarƙoƙi wanda lissafin da ya yi watsi da hulɗa ya ce yanayoyinsa ba su da iyaka. Da suka shigar da hulɗa, sai yanayoyin suka koma takwas kacal: sarƙoƙi takwas a jere daidai suke da babu ko ɗaya.

Na uku, wanda ya fi ban mamaki, shi ne haihuwar sabon abu. A 1982 Daniel Tsui da Horst Störmer suka ga mataki a kan sulusi, inda ake zaton cikakkiyar lamba ce kaɗai za ta bayyana. Robert Laughlin ya bayyana dalili a 1983: elektron sun haɗu sun zama wani irin ruwa, wanda motsin cikinsa ke ɗauke da sulusin cajin elektron guda. An auna wannan sulusi a 1997. A 2023 kuma ayarin Xiaodong Xu na Jami'ar Washington ya ga irin waɗannan matakai a shimfiɗu biyu na sinadarin MoTe2 da aka ɗan murɗa, ba tare da maganaɗisu ba. Elektron ɗaya ba ya tsagewa. Taron ne ya yi abin da ɗaya ba zai iya ba.

Saboda haka kuskure ne a ɗauki hulɗa a matsayin ƙura da za a share daga baya. A nan ne wahalar take, a nan ne kuma ribar take. Ƙwayoyi 300 masu hali biyu-biyu suna da yanayoyin da suka fi ƙwayoyin zarrar sararin da ake iya hange yawa, don haka babu kwamfutar da za ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa gwaje-gwajen ragar haske, inda ake ƙara turin ko a rage shi da gangan, suka cancanci kuɗi da haƙuri fiye da sanarwar gaggawa.

Gaggawar ta riga ta yi ɓarna. Takardar da masu bincike a Delft ta ƙasar Holan suka wallafa a mujallar Nature a 2018, suna cewa sun ga alamar ƙwayoyin Majorana da ake son gina irin waccan kwamfuta a kansu, an janye ta a 2021. Duk wanda aka ce masa topoloji ya kare wata na'ura, ya dace ya tambaya: a wane sanyi, daga wane irin cikas, kuma an lissafa da turin da elektron ke yi wa juna?