Kafin Ka Toshe Taga: Shin Ɗakunan Jibiya Suna Bukatar Na'urar Musayar Iska?

Sanin kowa ne cewa Jibiya, wadda ke bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar a kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, gari ne na fatauci, kuma duk garin da kasuwa ke ci ba ya rabuwa da gine-gine da gyare-gyare. Ambaliyar ruwan watan Yuli na 2018 ma ta tilasta wa jama'a da dama sake gini. Salon gyaran da ake yayi a yau kusan iri ɗaya ne: a cire tagar katako a sa ta gilashi da alminiyom, a buga silin, a toshe 'yan kafofin da ke saman bango, sannan mai hali ya kafa na'urar sanyaya ɗaki. Ɗaki ya yi kyau, ƙura ta ragu, sanyi ba ya tserewa. To, amma ta ina sabuwar iska za ta shigo?

Wannan tambaya ta shafi lafiya kai tsaye. Baligi da ke zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Iskar da yake fitarwa tana ɗauke da kabon dayoksaid kimanin kashi 4 cikin ɗari, wato kusan ninki ɗari na abin da ke cikin iskar waje, wadda ke da kimanin kashi 420 cikin miliyan. Tun a 1858 wani masanin kiwon lafiya Bajamushe, Max von Pettenkofer, ya ba da shawarar kada wannan iska ta wuce kashi 1,000 cikin miliyan a ɗakin da mutane ke zaune. Idan ta wuce haka, alama ce cewa mutanen ɗakin suna sake shaƙar abin da junansu suka fitar, tare da duk ƙwayoyin cutar da ke ciki, kamar na tarin fuka da ƙyanda. Sanƙarau ma, wanda a 1996 ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya ya kuma hallaka sama da 11,000, yawanci a Arewa, ya fi yaɗuwa a lokacin rani inda ake cunkoso. Na'urar sanyaya ɗaki irin ta jikin bango ba ta magance wannan, domin iskar cikin ɗakin take juyawa kawai.

Turawa sun riga mu faɗawa wannan rami. Bayan tashin farashin man fetur na 1973 sun shiga toshe gidajensu domin tsimin makamashin ɗumama ɗaki, sai raɓa da funfuna da ciwon kai suka biyo baya. Maganin da suka samo shi ne na'urar musayar iska: fanka ɗaya na fitar da gurɓatacciyar iska, ɗaya na shigo da sabuwa, kuma iskokin biyu suna gilmawa ta gefen juna a tsakanin siraran faranti ba tare da sun gauraya ba, ta yadda mai ɗumi ke miƙa zafinta ga mai sanyi. Shahararren gidan nan mai tsimin makamashi da aka gina a birnin Darmstadt na Jamus a 1991 da irin wannan dabara ya dogara.

Ɗalibin nazarin halittu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin raƙumi ya daɗe yana yin haka. A cikin hancinsa akwai naɗaɗɗun ƙasusuwa sirara masu faɗin fuska. Idan ya ja busasshiyar iska, fatar da ke lulluɓe da su takan huce ta kuma bushe. Idan ya fitar da numfashi, sai ta karɓe zafi da danshin da ke cikinsa. Knut Schmidt-Nielsen da abokan aikinsa sun bayyana wannan a 1981. Akwai ƙaramar na'ura da ke aiki kamar haka: ana huda bango a sa wani dunƙulen tangaran mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, fankarsa kuma tana sauya alkibla bayan kowane minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi.

Ra'ayina shi ne, wannan na'ura tana da amfani a Jibiya, amma a ɗakuna ƙalilan. Lissafi ne zai nuna dalili. Mu ɗauka a watan Afrilu zafin waje ya kai digiri 42 a ma'aunin Salshiyos, cikin wani kantin magani mai na'urar sanyaya ɗaki kuwa digiri 26. Bambancin digiri 16 ke nan. Na'urar da ke ceto kashi 75 cikin ɗari za ta shigo da sabuwar iska a digiri 30 maimakon 42. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta ba da shawarar lita 10 na sabuwar iska a kowace daƙiƙa ga kowane mutum, saboda haka mutum uku na bukatar lita 30. Rage wa wannan iska digiri 12 daidai yake da cire zafi na kimanin wat 430, aikin da na'urar sanyaya ɗaki ce za ta yi shi da wutar janareto ko ta sola. Fankokin na'urar musayar kuwa 'yan gomiyoyin wat suke ci. A nan kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Yanzu mu koma ɗakin da babu na'urar sanyayawa, inda bambancin ciki da waje bai wuce digiri 2 ba. Abin da za a ceto bai fi wat 50 da ɗoriya ba, kusan abin da fankokin ke ci. Da dare ma lamarin ya fi muni, domin ɗaki mai kwanon rufi da bulon siminti ya fi waje zafi, sai na'urar ta riƙa ɗumama sanyayyar iskar da ake marmari. Haka nan a aji mai ɗalibai 60 ana bukatar lita 600 a daƙiƙa, wato aikin ƙananan na'urori kusan 20. Alhali kuwa tagogi masu fuskantar juna, kowace mai faɗin murabba'in mita ɗaya, suna iya wuce da ɗaruruwan lita a daƙiƙa ko da iska na kaɗawa a hankali, kuma ba su cin ko sisi.

Wani zai ce, ai buɗe taga a lokacin hunturu gayyatar ƙura ce, ƙurar kuwa tana busar da hanci da maƙogwaro ta buɗe wa cuta ƙofa. Gaskiya ne, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu son rufe ɗaki. Sai dai abin da ke tare ƙura shi ne matatar iska, wato filta, kuma fanka mai filta ta fi na'urar musaya araha nesa ba kusa ba. Magina na gargajiya su ma ba su bar mu haka ba: kaurin bangon ƙasa da rufin soro suna jinkirta shigar zafi, ƙananan tagogi a can sama suna fitar da iska mai ɗumi, tsakar gida da inuwar bishiya kuma suna rage ƙarfin ƙura.

Ga wanda ɗakinsa ya cancanta, kamar kantin magani, ko ɗakin gwaje-gwajen asibiti, ko ɗakin kwamfutoci na makaranta, ga abubuwan dubawa. Da farko a ƙirga mutanen da ke zama a ɗakin a ninka da 10, sannan a nemi na'urar da ke ba da wannan adadi ba tare da an ƙure gudunta ba, domin mai ƙara da yawa kashe ta ake yi. Idan an rubuta ƙarfinta da mita kubik a awa, a raba da 3.6 a sami lita a daƙiƙa. Na biyu, filtarta ta zama mai sauƙin cirewa da wankewa, kuma a tabbatar ana samun madadinta a Katsina ko Kano, domin hazon Disamba da Janairu zai toshe ta da wuri. Na uku, a fifita irin wadda ke musayar danshi tare da zafi: da damina tana rage danshin da ke shigowa, da hunturu kuma tana hana ɗaki bushewa ƙarau. Na huɗu, a nemi mai hanyar ratse, wadda ke barin iskar dare ta shigo kai tsaye. Na biyar, mai dunƙulen tangaran bibbiyu ake sa ta, ɗaya na ja ɗaya na fitarwa.

Abu mafi muhimmanci shi ne wurin da bakin shigar iska yake. A nisanta shi da masai, da titin da manyan motoci ke jerin gwano, musamman kuma da janareto. Hayaƙin janareto na ɗauke da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ko wari, wadda ke kama jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya, kuma filtar ƙura ba ta tare ta. Na'urar da aka kafa kusa da janareto guba za ta riƙa ɗurawa cikin ɗaki. Haka kuma kada a manta, kyakkyawar iska ba ta maye gurbin allurar rigakafin sanƙarau.

Ina kira ga malaman kimiyya da su mayar da wannan batu aikin aji. Ɗalibai su auna tagogin ajinsu, su ƙirga kansu, su rataya zare a bakin taga su ga inda iska ke bi, su kuma gwada zafin ciki da na waje safe da rana har mako guda. Ɗalibin da ya yi wannan, ranar da za a yi gyara a gidansu shi ne zai tambayi magini dalilin toshe kafar da ke saman bango, kuma shi ne zai iya faɗa wa mahaifinsa ko ɗakin na bukatar na'ura ko kuwa taga ta biyu kawai yake nema.