Ina Yaron Zango Zai Jefa Ƙugiyarsa?

Mu 'yan aji na ƙarshe maganar ruwa muka kawo bana.

Akwai wani kifi mai jan nama a Alaska ta ƙasar Amurka, ana ce masa salmon. Ba wanda iyayenmu mata ke saya a kasuwar Nima ba ne, namu sunan kawai ya ara. Ƙaramin cikin danginsa shekara 2 kacal yake rayuwa. A cikin tsakuwar kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya tafi teku ya girma, ya komo kogi ya saka ƙwai, ya mutu. Mutane kan fita kama shi da ƙugiya don nishaɗi, kuma abin da suke fara dubawa shi ne ko ruwan garai-garai yake. In ruwan sama ya dama laka, kifi ba ya ganin abin da aka maƙala wa ƙugiyar, sai mutum ya wuni a banza. In kuma laka ta kwanta a kan tsakuwa, ƙwan ma shaƙewa yake.

To mu fa? Daga Kokomlemle tafiyar ƙafa ce zuwa kogin Odaw. Amma wa ke ce masa kogi? Gota muke cewa. Yana bi ta Alajo da Circle da Agbogbloshie, ya faɗa tafkin Korle, daga nan sai teku. Da can Gawa, masu garin, suna kama karfasa a Korle su ci su sayar. Yau duk wanda ya tsaya kan gada da ƙugiya, dariya za a yi masa.

Wani zai ce ai kifi ba ya tsoron laka. Gaskiya ne. A Argungu ta jihar Kebbi, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ruwan Matan Fada ba fari ba ne, kuma ana fito da kifin da sai an taru ake ɗaga shi. Tarwaɗa ma a taɓo take jin daɗi. Sai dai baƙin Odaw ba na laka ba ne. Ruwan wanki ne, da bayan gida, da sauran tuwo, da baƙin mai na makanikai. Idan waɗannan suna ruɓewa, suna cinye iskar da ke cikin ruwa, ita ce kuwa kifi ke shaƙa. A darasin tsarki an koya mana cewa ruwan da ƙazanta ta sauya masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba a alwala da shi. Odaw duka ukun ya haɗa.

Idan aka ɗauko maganar ɓacin ruwa a Gana, kowa sai ya ce galamsey. E, masu haƙar zinariya sun mai da Pra da Ankobra da Birim kamar koko. A 2024 kamfanin ruwa na ƙasa ya ce damewar ruwa a tashar Sekyere Hemang ta kai awo 14,000, alhali don 2,000 aka gina injinan. Abin tsoro ne. Amma fa babu mai haƙar zinariya a Maamobi. Babbar gotar da ta ratsa Nima da Maamobi, Odaw take kai kayanta. Hadari na haɗuwa, sai ka ga an turo yaro da bokitin bola ya juye ciki, wai ruwa zai tafi da shi. Sau da yawa yaron nan ɗan makaranta ne irinmu, kuma babba ne ya aike shi.

Ruwan yana tafiya da shi, amma ba nisa. Robar ruwan sanyi da leda su ke toshe ƙasan gada. Daren 3 ga Yuni 2015 ambaliya da gobarar gidan mai a Circle sun kashe mutane fiye da 150, nan kusa da ƙofarmu.

Mun san uzurin: mai kwashe bola kuɗi yake karɓa, gidajen haya sun cika, makewayi bai isa ba. Wannan nauyi ne a kan hukuma, kuma muna so sarakunan Zango da limamai su riƙa tuna mata da babbar murya. Yashe kogi da inji kuwa, an sha yi yana sake cika, tunda ba a daina zubawa daga sama ba.

Roƙonmu ga iyayenmu ƙarami ne: a daina aiken mu gota da bola, ko da rana ko da dare. Gida biyar za su iya haɗa kuɗin mai keken bola ɗaya. Masuntan Jamestown sukan bar teku ta huta duk ranar Talata. Mu kuma muna so a fara da layin makarantarmu, daga wannan damina.