FILIN UWARGIDA: Mage Ba Yanga Take Yi Ba, Bakinta Ke Ciwo

A wannan wata zan ɗan ajiye zancen girki da kwalliya, saboda wata wasiƙa da ta zo mini daga Argungu. Wata 'yar uwa ce take cewa magen gidansu, ko mussa kamar yadda mutanen Kabi da Sakkwato suke kiranta, ta daina cin abinci, sai dalalar da miyau, bakinta na wari har ba a son ta raɓi mutum. Uwar mijinta ta ce a kai ta bayan gari a yar, wai an yi mata jifa ne. Ita kuwa tausayinta take ji, shekara shida suna tare.

To 'yar uwa, kafin a kai ga yarwa, tsaya ki ji. Mafi yawan lokuta irin wannan ba jifa ba ne, ba kuma yanga ba ce. Ciwon dasashi ne.

Mage tana yin haƙoran nono 26, idan ta kai kamar wata shida sai su zube ta fito da na girma guda 30. Kamar dai mu, duk abin da ta ci yana barin dauɗa a gindin haƙori. Mu muna da asuwaki da buroshi, ita ba ta da su. A hankali dauɗar nan sai ta daskare ta yi tauri kamar dutse, dasashi ya yi ja ya kumbura. A wannan mataki ana iya warkewa sarai. Amma in aka bari, ƙwayoyin cuta sai su gangara ƙarƙashin dasashi su cinye ƙashin da ke riƙe da haƙori, haƙorin ya soma girgiɗi, ya yi ruwa. Abin da ƙashi ya rasa kuwa ba ya dawowa. Akwai kuma wani nau'i mai tsanani da baki gaba ɗaya yake yin jawur har can kusa da maƙogwaro, ko ruwa ta haɗiya sai ta ji kamar wuta.

Abin da ya sa ba mu ankara da wuri shi ne mage gwanar ɓoye ciwo ce. Don haka ki lura da waɗannan alamu. Za ta rugo wajen kwano da yunwarta, ta sunsuna, ta ja da baya. Ko ta ɗauki loma ta karkata kai gefe guda, lomar ta faɗi. Za ki ga tana kai hannu baki kamar mai son ciro wani abu. Sannan ita da kullum cikin lashe jiki take, sai ki ga gashinta ya cukurkuɗe ya yi datti, domin harshen ma ciwo yake. Wadda a da kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi, yanzu ko kanta kika shafa sai ta yi miki tsawa.

A Ingila akwai gidajen da aka ware don tara karnuka da magunan da ba su da masu su, kamar na Battersea da ke Landan wanda aka kafa a 1860, ya fara karɓar maguna a 1883. Likitocin irin waɗannan gidaje sun daɗe da gane cewa inda maguna suka cunkushe, nan ciwon baki yake yawa, saboda wata ƙwayar cutar mura mai suna kalisi da ke fasa harshe da gyambo, tana yaɗuwa ta miyau da kwanon ci. Mu nan ba mu da irin gidajen, amma muna da makamancinsu. Je ki bakin kasuwar kifi a Argungu ko mayanka a Birnin Kebbi da magariba, ki ga yadda suke taruwa suna wawar hanji da kan kifi. Taki ta gida in ta tsallake katanga da dare, can take zuwa. Sai dai ki kwantar da hankalinki, wannan mura ba ta kama mutum.

Mu mutanen bakin gulbi kuma muna da tamu matsalar ta daban, wato ƙayar kifi. Garin da tun 1934 ake bikin kamun kifi a Matan Fada, ai magensa ba ta rasa kan tarwaɗa. Ƙaya takan maƙale tsakanin haƙora ko ta gitta a saman baki, ta kwana biyu wurin ya ruɓe. Ki riƙa ɓare mata tsokar, ki dafa, ki zubar da ƙayar inda ba za ta kai ba.

Yanzu ga abubuwa uku da nake roƙonki kada ki yi.

Na farko, kada ki ba ta Panadol. Wallahi ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu. Tausayi ne zai kai ki, ki wayi gari da gawa.

Na biyu, kada ki shafa mata kanumfari ko tafarnuwa kamar yadda muke yi wa namu haƙoran, kada kuma ki goge mata baki da man goge baki na mutane. Duk guba ne a gare ta. Har albasa ma, duk da alfaharin da muke yi da ta Aliero, tana lalata mata jini. Ke nan sauran miya ba abincinta ba ne.

Na uku shi ne mafi girma. Kada ki cusa hannu a bakin magen da ke dalalar da miyau, kada ki bar yara su yi. Ciwon haukan kare yana kama mage, kuma zubar miyau da sauyin hali suna cikin alamunsa. Ciwon dasashi a hankali yake zuwa, wata da watanni. Amma wadda jiya lafiyarta ƙalau, yau ta hau cizo ko ƙafafunta suka shanye, ki rufe ta a ɗaki ki nemi likitan dabbobi. In ta ciji wani ko ta yaƙushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti a ranar, kamar na Sir Yahaya ga na Birnin Kebbi. Kada a jira a ga alama, domin in alamar ta fito babu sauran magani.

Abin yi dai shi ne a sa ta a kwando ko kwali mai huji, maigida ya kai ta asibitin dabbobi. In abin ya yi zurfi, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Likita zai yi mata allurar barci ya kankare dauɗar, ya cire haƙoran da suka mutu. Kada cirewar ta tsorata ki. Mage marar haƙori tana cin abinci fiye da mai ruɓaɓɓen haƙori. Kafin a tafi, ki ba ta dafaffen kifi ko nama da aka dagargaza da ɗumi-ɗuminsa, kuma kada ki bari ta wuce kwana biyu ba ta ci komai ba, don yunwa tana taɓa mata hanta. Ki kuma tambayi likita allurar rigakafin mura da ta haukan kare. Rigakafi ai ya fi magani.

Na san wani maigidan zai ce, haba, mutum ma bai samu kuɗin magani ba sai mage? Ki lallaɓa shi, ki nuna masa buhunan shinkafar da ke jibge a ɗaki, ki tambaye shi wa yake gadinsu da dare. Ɓera ba ɓarnar hatsi kaɗai yake yi ba, shi ne yake yaɗa zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a ƙasar Borno a 1969. Ma'aikaciyar da ta yi shekaru tana wannan aiki ba albashi, ba a sallamarta da jifa ranar da ta kwanta ciwo. Ita kuma Inna, a yi mata bayani cikin ladabi, a ce a gwada likita tukuna.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu, inda za mu koma kan haƙoran yaranmu da alewa. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku.

Taku har kullum,
Antinku