Hidimar Salla Da Haƙƙin Gadon Baya

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sa lafiya ta zama uwar jiki. Bayan haka, ga Salla ta ƙarato, kasuwanni sun cika sun batse. A Kantin Kwari ana ta sauke dilolin yadi, a Dawanau ana loda buhunan hatsi, maɗinka suna kwana a kan keke, malamai kuwa sun daɗe zaune wajen tafsiri. A irin wannan lokaci ne ciwon baya ya kan kama mutane, har wani ya yi Idi a kwance.

Abin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu a shekarar 2020. Ƙashin baya gaɓoɓi 33 ne a jere, galibinsu da faifan guringuntsi a tsakani, kuma 5 na wajen ƙugu su ke ɗauke da mafi yawan nauyi. In mutum ya sunkuya ƙafafunsa a miƙe ya fizgi buhu, ko ya murɗa ƙugu da kaya a hannu, nan wahalar ke sauka.

Saboda haka mai ɗaukar kaya ya matso kusa da shi, ya durƙusa, ya rungume shi, sa'an nan ya tashi da ƙarfin cinyoyi. In zai juya, ya juya da ƙafafu. Maɗinki da mai rubutun allo su riƙa miƙewa suna takawa bayan kowane rabin sa'a. Matafiyi ya sauko ya miƙe duk inda mota ta tsaya. Mai rago kuma ya nemi mataimaki kafin ya cicciɓa shi.

Amma babbar magana tana wuyan masu dukiya. Buhun da ya kai kilo 100 ba kayan mutum ɗaya ba ne. Lalle ne attajiri ya sa a raba kaya, ko ya kawo baro da kura, ko ya ƙara 'yan dako, domin ribar kwana goma ba ta biyan bayan magidanci da iyali ke jira. Haka kuma malami kada ya bari a ɗora wa almajiri abin da ya fi ƙarfinsa. Amana ne a hannunsa.

Wanda ciwon ya riga ya kama, ya sani yawanci ya kan lafa cikin 'yan makonni. Doguwar kwanciya ba ta taimako, gara ya ci gaba da motsi a hankali, ya gasa wurin da ruwan ɗumi. Ya guji tramadol na 'yan talla, gama kama mutum ya ke yi, kuma kada ya sha ibuprofen cikinsa wayam. Shari'a ma ta yi rangwame, wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune.

In kuwa ƙafa ta mutu ko ta yi rauni, ko fitsari ko bayan gida ya ƙi riƙuwa, ko zazzaɓi ya biyo, to, a nufi asibiti a ranar, ba sai bayan Salla ba.

Allah Ya kai mu Idi lafiya, amin.