Hutu a Jirgin Ruwa: A Yi Lissafi Tukuna

Har zuwa 1972, malamin da aka tura Ingila ƙaro ilmi yakan shiga jirgin Aureol a Ikko, ya yi wajen mako biyu a teku kafin ya sauka Liverpool. Wannan zamani ya wuce. Amma a 2021 manyan jiragen shaƙatawa suka fara tashi daga Jidda suna kewaya Bahar Maliya, mai hali yana iya sha'awar gwadawa.

Ban hana ba, sai dai a yi lissafi. Kuɗin tikiti ɗaki da abinci yakan ɗauke. Yawon gari in an tsaya, da ladan ma'aikatan jirgi, galibi daban ake biya. Duk ƙasar da za a yada zango, a tambayi bizarta tun a gida. Mai jin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, ƙasa-ƙasa, nan tangaɗi ya fi sauƙi. Wanda ya makara a gari kuwa, jirgi ba ya jiransa.

Abin da na fi so jama'a su lura da shi, ana tara fasinja duka tun farkon tafiya, a nuna musu rigar ceto da inda za su taru in hatsari ya auku. An tsananta wannan doka ne bayan jirgin Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya a 2012, mutum 32 suka mutu. Mu nan Gummi, a Satumba 2024 kwalekwale ya kife da manoma masu zuwa gona, aka yi hasarar rayuka da yawa. Ya kamata a kafa irin wannan doka a kowane mashigi, daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, sarakunan ruwa su riƙa ƙidaya mutane kafin a tura jirgi.